Tambaya da Amsa: Faci ya ƙi zama, ginin tc ya tsaya

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk daga masu kula da intanet na shaguna, makarantu da ƙananan ofisoshi a Damagaram da kewaye suka zo, kuma a kan abu guda: tc, umarnin Linux da ake raba ƙarfin layi da shi don kada mai sauke bidiyo ɗaya ya shaƙe kowa. Yana cikin ƙunshin iproute2 tare da ip da ss. Faci fayil ne mai ɗauke da gyare-gyaren da ake manna wa rubutun manhaja kafin a gina ta, CAKE kuma ɗaya ne daga cikin tsare-tsaren jerin gwano (qdisc) da tc ke ɗora wa layi. Mun taƙaita tambayoyin, saƙonnin kuskure kuwa mun bar su yadda na'ura ta rubuta su.

Daga mai shagon intanet a Zango: Assalamu alaikum. Tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu 18.04 ce ke raba wa kwamfutoci 12 intanet a shagona. Na samo facin da zai ƙara CAKE a tc, na sauke iproute2 4.15, na buga `patch < cake.patch`. Ta ce `can't find file to patch`, can ƙasa kuma `Hunk #1 FAILED`. Me ya karye?

Wa alaikumus salam, Malam. Buɗe facin da `less` ka dubi kansa. Za ka ga layuka irin `--- a/tc/Makefile` da `+++ b/tc/Makefile`. Wannan a/ da b/ al'adar git ce, babu folda mai wannan suna a kwamfutarka. Aikin `-p1` shi ne yanke gaɓa ɗaya daga farkon hanyar, ya rage tc/Makefile. Da ba ka sa `-p` ko kaɗan ba, patch ya yar da hanyar gaba ɗaya ya riƙe sunan fayil kawai. Fayil pkt_sched.h, ɗaya daga cikin waɗanda facin ke gyarawa, ba ya bakin folda, shi ya sa ya ce bai gan shi ba. Makefile kuwa akwai wani a bakin folda, wanda ba shi ake nufi ba, sai ya yi ƙoƙarin manna masa gyaran na cikin tc/, ya kasa. Sabon fayil q_cake.c ma ya zubar da shi inda ba wurinsa ba. Wannan foldar ta riga ta gurɓace. Goge ta, ka sake kwance ta daga tar, sannan:

`cd iproute2-4.15.0`
`patch -p1 --dry-run < ../cake.patch`

`--dry-run` gwaji ne, ba ya taɓa fayil ko ɗaya. Karanta abin da ya ce a kan kowace gunduwa. Faci gunduwa-gunduwa yake, kowace tana tafe da layuka uku na samanta da uku na ƙasanta, da su take gane wurin zamanta. In ya ambaci `offset`, layukan sun matsa ne kawai, ba damuwa. In ya ce `with fuzz 2`, ya rufe ido ga layuka biyu na gefe kafin gunduwar ta zauna, sai ka je ka duba da idonka ko a daidai wurin ta sauka. In ya ce `FAILED`, don wata siga aka yanka facin, ba taka ba. Sa'ad da ka buga na gaske, gunduwar da ta ƙi zama za ta koma cikin fayil mai ƙarewa da .rej, ka buɗe shi gefe da gefe da fayil ɗin asali ka shigar da layukan masu alamar + da hannu. In kuma ya ce `Reversed (or previously applied) patch detected`, amsa masa n: gyaran yana ciki tuntuni.

Wani abin da ke yawan faruwa a nan: a turo faci ta WhatsApp a matsayin rubutu, ko a kwafo shi daga shafi da linzami. Tab yakan koma sarari, dogayen layuka su karye, sai ka ga `malformed patch`. `patch -l` yana yafe bambancin sarari a layukan gefe, amma layukan da zai shigar suna nan da sararinsu, kuma idan layin umarni ne a Makefile, make zai tsaya da `missing separator`, domin tab kaɗai yake karɓa a wurin. A nemi facin a matsayin fayil. In ya ratsa ta Windows, `file cake.patch` zai nuna CRLF, sai a wanke shi da `dos2unix`.

Amma gaskiya, Malam, ba ka buƙatar wannan facin. CAKE ya shiga kanel, wato zuciyar Linux kanta, a siga 4.19, a 2018, iproute2 4.19 ma ta zo da q_cake.c a cikinta. Ubuntu 18.04 ta riga shi fitowa da kaɗan ne, da 4.15 ta fito. Ka sauke iproute2 5.4 daga kernel.org ka gina ta ba faci, ka kuma saka `linux-generic-hwe-18.04`, wanda zai kai kanel ɗinka 5.4. In kwamfutar za ta ɗauka, sabunta tsarin baki ɗaya ya fi, tunda kulawar kyauta ta 18.04 ta ƙare a 2023.

Daga wata ɗaliba a jami'ar Damagaram: Na ɗauko q_cake.c na sabuwar siga na sa a cikin iproute2 4.19 don in samu zaɓin fwmark. Gini ya tsaya da `'TCA_CAKE_FWMARK' undeclared`. Na saka linux-headers, bai sauya komai ba.

Ba zai sauya ba, Malama, domin iproute2 ba ta kallon wurin. Tana tafe da kofinta na fayilolin .h na kanel a include/uapi/linux/, kuma tana fifita shi a kan na tsarin. Ki buga `grep -n TCA_CAKE include/uapi/linux/pkt_sched.h` za ki ga jerin ya ƙare kafin FWMARK, don bayan 4.19 aka ƙara shi. Ƙunshin linux-headers na gina modul ne, wato ɓangarorin da ake ɗora wa kanel. Na /usr/include/linux kuma mallakar linux-libc-dev ne, kada ki taɓa shi da hannu: sabuntawa ta gaba za ta share gyaranki, kafin nan kuma duk abin da kika gina a kwamfutar zai sha daga gare shi.

Gyaran yana cikin pkt_sched.h na cikin foldar, amma a kula. Waɗannan sunayen enum ne, wato kowane suna lamba ce gwargwadon matsayinsa a jerin, kuma lambar ce tc ke aika wa kanel ta netlink, sunan ba ya zuwa ko'ina. Idan kika cusa sunan a inda kika ga dama, gini zai wuce lami lafiya, amma tc zai aika lambar da kanel ya sani da wata ma'ana. Wannan ya fi kuskuren gini muni, don ba ya ihu. Ki kwafo jerin TCA_CAKE dungurungum daga sigar da kika ɗauko q_cake.c, a tsarinsa. Dalilin nan ne ma ya sa tc da aka yi wa faci tun CAKE yana wajen kanel ba ya jituwa da sch_cake, modul ɗin CAKE na cikin kanel: an sauya yadda ake miƙa ƙididdiga kafin a karɓe shi.

Ki kuma sa ran wani kuskuren yana jiranki a bayan wannan. Sabon q_cake.c yana kiran ayyukan buga sakamako da tsohuwar lib/ ba ta da su, kuma siffar `parse_qopt` a tc_util.h ta sauya a tsawon shekaru. In kin ga `implicit declaration` ko `undefined reference` sun wuce biyu ko uku, ki daina ɗinki, ki gina sabuwar iproute2 ɗin gaba ɗaya. Sabon tc yana aiki da tsohon kanel. Zaɓin da kanel ɗin bai sani ba ne kawai ba zai yi tasiri ba. Wato fwmark ɗin ma sai kanel ɗinki ya san shi.

Daga mai kula da kwamfutocin wata makaranta a Mirya: make yana tsayawa da `Erreur 127`, kuma layuka sun yi yawa ban san inda zan duba ba.

Lamba 127 na nufin an kira umarnin da babu shi. A tc kusan kullum bison ne ko flex, saboda emp_ematch.y da emp_ematch.l da su ake juya su zuwa C. A Debian ko Ubuntu:

`sudo apt install build-essential bison flex pkg-config libmnl-dev libelf-dev libcap-dev libdb-dev libxtables-dev`

libdb-dev don arpd ne, wani ƙaramin shiri da ke cikin iproute2. Tsofaffin sigogi suna tsayawa da `db_185.h: No such file or directory` in babu shi, ko da tc kaɗai ake so. `sudo apt build-dep iproute2` yana kawo duka a tashi ɗaya, in an buɗe layukan deb-src.

Bayan ka saka su, buga `make distclean` sannan `./configure`. Wannan configure ɗin rubutun hannu ne, yana duba laburare ya rubuta abin da ya gani a config.mk, kuma make ba ya sake tambaya muddin fayil ɗin na nan. Mutane da yawa sukan saka libmnl su yi ta mamakin me ya sa ba a ganinsa.

Batun yawan layuka: tunda kwamfutarka da Faransanci take magana, sa ta koma harshen asali na saƙonnin, don shi za ka iya nema a intanet ka samu amsa.

`LC_ALL=C make V=1 2>&1 | tee gini.log`
`grep -n -i -m5 error gini.log`

Kuskuren farko shi ne naka. Layukan `make: ***` na ƙarshe sanarwar rasuwa ce kawai, ba su ne ciwon ba. Kada ka sa `-j` yayin bincike, yana cakuɗa saƙonnin fayiloli daban-daban.

Daga wani ma'aikacin sadarwa a Sabon Gari: Tsohon tc mai facin da muka daɗe muna amfani da shi yana ginuwa a Ubuntu 20.04, amma a Debian 12 ya ce `multiple definition of`. Na buga `make CFLAGS=-fcommon`, sai ya koma cewa ba ya ganin utils.h.

Ka gano ciwon, ɗan'uwa, hanyar ba da maganin ce ta kuskure. GCC shi ne mai juya rubutun C zuwa shiri. Ubuntu 20.04 tana da GCC 9, Debian 12 tana da GCC 12, a tsakaninsu kuma akwai GCC 10 na 2020, wanda ya mayar da `-fno-common` abin da ake farawa da shi. A da, in an rubuta `int wani_abu;` a fayil .h kuma fayiloli .c biyar suka jawo shi, mai haɗawa yakan dunƙule su wuri ɗaya ya yi shiru. Yanzu yana ganin biyar ne masu suna ɗaya.

Abin da ya sa utils.h ya ɓace: duk abin da aka ba make a layin umarni yana danne na cikin Makefile kacokan. CFLAGS na iproute2 shi ke ɗauke da `-I../include`, kai kuma ka maye gurbinsa da kalma ɗaya. An tanadi wata ƙofa don irin wannan:

`make clean`
`make CCOPTS="-O2 -fcommon"`

Wannan na fitar da kai yau. Gyara na dindindin layi biyu ne: sa `extern` gaban sunan a fayil .h, ka bar ainihin bayyanarsa a fayil .c guda ɗaya. Saƙon kuskuren yana faɗin fayilolin biyu da suka yi karo, daga nan za ka gane .h ɗin da suka yi tarayya a kai.

Ka shirya wa na gaba tun yanzu. GCC 14, na 2024, wanda Debian 13 ke ɗauke da shi, ya mayar da `implicit declaration of function` da `incompatible pointer type` kuskure mai tsayar da gini, alhali a da gargaɗi ne. Na farkon yawanci `#include` ɗaya ne ya ɓace. `man 3` da sunan aikin zai gaya maka wanne. Ana iya rufe masa baki da `-Wno-error=implicit-function-declaration`, amma ba mu ba da shawarar haka: aikin da ba a bayyana ba ana ɗaukarsa mai mayar da int ne, a kwamfuta mai bit 64 kuwa wannan na iya gutsure rabin adireshi, tc ya faɗi ana tsakiyar aiki.

Daga Birni: Gini ya ƙare ba kuskure ko ɗaya. Amma `tc qdisc add dev eth0 root cake bandwidth 9mbit` yana cewa `Unknown qdisc "cake", hence option "bandwidth" is unparsable`.

Alhaji, wannan saƙon daga bakin tc ya fito, maganar ba ta kai ga kanel ba. Ko dai tsohon tc ne ke amsawa, ko sabon bai ƙunshi CAKE ba. Kira sabon da hanyarsa, daga cikin foldar gini: `sudo ./tc/tc qdisc add ...`. In ya yi aiki, `type -a tc` zai nuna maka wanda ke riga shi, `tc -V` kuma ya faɗi sigarsa. Ka tuna sudo yana da tasa hanyar neman umarni, ba lallai ta zama irin taka ba. In shi ma ya ce Unknown, duba `grep q_cake tc/Makefile`. Dole a ga `TCMODULES += q_cake.o`. Wannan gunduwar ce ta fi yawan faɗawa .rej, kuma rashinta ba ya tsayar da gini, fayil ɗin yana zaune ne ba wanda ya kira shi.

Kada ka yi `sudo make install` kai tsaye. Zai rubuta a kan ip da ss na tsarin, kuma in kana aiki daga nesa ne ta ssh, ip da ya samu matsala na iya rufe ka a waje. Kwafi tc ɗin kaɗai: `sudo install -m 755 tc/tc /usr/local/sbin/tc`, sannan `hash -r`.

Saƙon kanel daban yake: `Specified qdisc kind is unknown`, ko a tsofaffi `RTNETLINK answers: No such file or directory`. Nan tc ya yi nasa, modul ne babu. `modinfo sch_cake` da `grep NET_SCH_CAKE /boot/config-$(uname -r)` za su nuna maka. A Ubuntu wasu modul suna cikin linux-modules-extra, a tabbata an saka na daidai kanel ɗin. Wanda zai gina modul da kansa, linux-headers na sigar da `uname -r` ya faɗa yake buƙata, harafi da harafi:

`make -C /lib/modules/$(uname -r)/build M=$PWD modules`

In insmod ya ce `Invalid module format`, kwatanta `modinfo -F vermagic sch_cake.ko` da `uname -r`. Sau da yawa an sabunta kanel ne ba a sake kunna kwamfutar ba. `Unknown symbol in module` na zuwa in an yi insmod maimakon a kwafa modul ɗin cikin /lib/modules, a buga `depmod -a`, a ɗora da modprobe. `dmesg | tail` zai faɗi sunan abin da ya ɓace. `Key was rejected by service` kuwa Secure Boot ne ke ƙin modul marar sa hannu: ko a sa masa hannu a yi rajistar makullin da mokutil, ko a kashe Secure Boot. Kowane sabon kanel sai an sake ginin, sai dai in an miƙa wa DKMS, mai sake gina modul da kansa.

Af, masu tsofaffin rubutun umarni da suka dogara da cbq, wani tsohon qdisc: an cire CBQ daga Linux a siga 6.3, tare da dsmark da tcindex. Babu facin tc da zai dawo da shi. A koma HTB, wanda ke cikin kanel tun 2.4.20, a rataya fq_codel a ƙarƙashin kowane aji.

Daga Magarya: Wuta ta ɗauke ana cikin gini. Da ta dawo, make ya ce `Clock skew detected`, ga kuma `undefined reference` ga ayyukan da nake gani da idona a fayil.

Abu biyu ne. Ɗaukewar wutar ta bar fayil .o fanko ko guntu, make kuma kwanan wata kaɗai yake dubawa, ya ga ya fi .c sabunta, ya wuce shi. `find . -name "*.o" -size 0` zai tona fankon, `make clean` ya share duka. Agogon kuma ya koma baya ne saboda ƙaramin batirin allon kwamfutar, CR2032, ya mutu. Sauya shi, gyara lokaci da `timedatectl`, sannan `find . -exec touch {} +` a cikin foldar kafin ka sake gini. Muddin agogon na baya, apt ma zai riƙa cewa `not valid yet`. In tar ɗin ne ya yanke wajen saukewa, `wget -c` yana ci gaba daga inda ya tsaya, sai a gwada `sha256sum` da lambar da ke kernel.org.

Daga mai raba intanet a unguwa, Garin Malam: Na gina tc a kwamfuta na tura shi kan rauta mai OpenWrt, ya ƙi tashi.

Ba zai tashi ba. `file tc/tc` zai ce x86-64, rautarka kuwa MIPS ce ko ARM, ga shi OpenWrt, Linux ɗin rauta, da laburaren C na musl take aiki maimakon glibc. Ko da injin ya zo ɗaya, za ta ce `not found` ga fayil ɗin da ke gabanta, don mai ɗora shi ne take nema ba ta samu ba. CAKE yana cikin ma'ajiyar OpenWrt a shirye. A sigogin da ke amfani da opkg: `opkg update`, sannan `opkg install luci-app-sqm`, shi zai jawo sqm-scripts, kmod-sched-cake da tc. In lallai akwai facinka na daban, sai da tushen OpenWrt ko SDK na daidai sigar da daidai injin rautar. A tushen OpenWrt, ajiye facin a package/network/utils/iproute2/patches/ da suna mai fara da babbar lamba, kamar 999-gida.patch, don bi da bi ake manna su kuma naka a kan nasu zai hau. Sannan `make package/iproute2/clean` da `make package/iproute2/compile -j1 V=s`. In opkg ya ƙi kmod saboda sigar kanel ba ta dace ba, kada ka tilasta masa da `--force-depends`. Rauta na iya shiga kunnuwa da mutuwa ba iyaka, kuma tana can saman ƙarfe.

Tambaya ta ƙarshe, daga Matamai: Komai ya hau. Layina megabit 10 ne, na sa `bandwidth 9mbps`, amma ba abin da ya ragu.

A wurin tc, `mbps` megabait ne a daƙiƙa, `mbit` ne megabit. Ka ba shi megabit 72 ke nan, ya fi layinka sau bakwai, don haka jerin gwanon yana taruwa a wajen mai ba ka intanet, inda CAKE ba shi da iko. Rubuta `9mbit`. Na biyu, qdisc na root abin da ke fita kaɗai yake tsarawa. A ƙofar da ke kallon intanet, sa masa kashi 85 zuwa 95 cikin ɗari na saurin aikawa da ka auna; in megabit 2 ne, `bandwidth 1800kbit nat dual-srchost`. Don abin da ke shigowa, ɗora ifb, wata ƙofar bogi da ake tsara shigowa ta cikinta, ka karkatar da shigowar eth0 zuwa ifb0 da `mirred`, ka sa `cake bandwidth 9mbit nat dual-dsthost ingress` a kan ifb0. In layin na 4G ne, auna shi bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya hau, ka yi lissafi da wannan lambar. Sannan ka bar `ping` yana gudu yayin da ake sauke babban fayil, ka duba `tc -s qdisc show dev ifb0`: in lambobin `drops` ko `marks` suna motsi kuma jinkirin ping bai yi tsalle ba, jerin gwanon ya dawo hannunka.